Addu'ar dare ta watse a gidanmu, ku ba ni shawara

Mai neman shawara (an sakaya suna)

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Na roƙi mai kula da zauren nan ya sakaya sunana, don a cikinku akwai waɗanda muke sujada tare, kuma ba na so sirrin gidana ya zama abin hira a bakin majami'a ranar Lahadi.

A Yamai nake zaune. Ni 'yar jihar Tawa ce, a ikilisiyar EERN, wato Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, na tashi, mahaifina dattijon ikilisiya ne har Allah ya ɗauke shi. Maigidana ɗan Dogon Dutsi ne, ɗan Katolika. Allah ya ba mu yara uku, babbar ta shiga kolej. Bambancin ɗarika bai taɓa hana mu barci ba. Ranar Lahadi kowa ya kama hanyar cocinsa, yara wani mako su bi ni, wani mako su bi shi. Amma kowane dare, bayan an ci tuwo, mukan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, mu yi waƙa ɗaya, shi ya karanta Littafi Mai Tsarki, ni in yi addu'a, mu rufe da Addu'ar Ubangiji. Haka yaranmu suka buɗe ido suka gani.

Sana'arsa fito da kayan 'yan kasuwa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ya rako su ta Gaya har duwan, wato kwastan, na Yamai. Kun san abin da ya faru tun ƙarshen watan Yuli na 2023 da aka rufe iyaka. CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ɗage takunkuminta a Fabrairun 2024, muka ce to, sauƙi ya zo, amma gadar Gaya ba ta koma yadda take ba, kaya suka karkata ta Lome, kuma masu waccan hanya suna da mutanensu tun da. Sai ya zama ni ke riƙe da gida da keken ɗinkina da 'yar ƙanƙarar da nake sayarwa in ba a ɗauke kuran ba. Ban taɓa yi masa gori ba, Allah shaida ne.

Sannu a hankali ya fara fita fada da la'asar, ba ya shigowa sai tsakar dare. Ba ya shan giya, ban kuma ji ƙishin-ƙishin wata mace ba, shayi ne kawai da hira. Ni kuwa ban daina addu'ar dare ba, ina yi da yara, kuma kullum sai na sa shi ciki. Nakan ce Ubangiji ka dawo da hankalin baban yaran nan gida, ka cire masa son zaman banza, ka tuna masa yana da iyali. Wani dare ashe ya dawo da wuri, yana tsaye a zaure, ya ji duka. Bai shigo ba, ya juya. Tun daga ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Ana cikin haka Inna, mahaifiyarsa, ta zo ganin likitan ido ta zauna wurinmu. Lokacin addu'armu shi ne lokacin da take jan carbinta a ɗaki, ta kira autana ya zauna kusa da ita. Ta ajiye siffar Maryamu a kan tebur. Yanzu yaron kafin ya ci abinci sai ya yi alamar gicciye. Na ce masa ya daina, Inna ta ji, tun daga nan in na kai mata abinci sai ta ce ajiye can.

Ga kuma ɗan yayata da ke lise a wurinmu. Yayar tawa Musulmi ta aura, ta musulunta, yaron Musulmi ne. Da mun shimfiɗa tabarma sai ya fita ƙofar gida ya zauna cikin sauro. In na ce ya zauna da mu, ina tsoron iyayensa su ce na ja musu ɗa. In na ƙyale shi, sai in ga kamar mun kore shi.

Yanzu gida ɗaya, addu'a ta kasu uku, shi kuma mai gidan yana waje. In daina addu'ar daren ne gaba ɗaya? In kira fastonmu, ko in je wurin Momperansu, wato limamin cocinsu? Don Allah wanda ya san hanya ya nuna mini, na gaji.

Maman Tagwaye, Bukoki

Wayyo 'yar'uwa, sannu. Wannan aikin Magabci ne, ba ya son ganin gidan da ake kiran sunan Yesu. Kada ki daina ko na dare ɗaya. Ki ɗauki azumi, ki sa 'yan zumuntar mata su taya ki. Allah da ya haɗa ku bai yi barci ba.

Wani magidanci, Harobanda

Madam, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, don ni na taɓa zama a kujerar da mijinki ke zaune. Burommu ya rufe, na daɗe ba aiki, matata ke ciyar da mu.

Ki sake karanta addu'ar da kika rubuto mana, amma ki karanta ta da kunnen namiji da ke tsaye a zaure. Son zaman banza. Ka tuna masa yana da iyali. Kin kai ƙararsa gaban Allah, 'ya'yansa suna zaune suna cewa amin, shi kuma ba a ba shi bakin kare kansa ba. Kin ce ba ki taɓa yi masa gori ba, na yarda ba ki yi niyya ba, amma abin da ya shiga kunnensa ke nan. Da faɗa kika yi masa a ɗaki, da ya rama, an huce. Wannan kuwa da wa zai yi musu? Da Allah?

Kuma bai manta yana da iyali ba. Tunawar ce ke korarsa daga gida. Duk namijin da ya tashi a coci ya san abin da Bulus ya rubuta wa Timoti, cewa wanda bai kula da iyalinsa ba ya fi marar bi muni. Ba a bukatar a karanta masa, ayar na bin sa har kan gado. Ni a lokacin, in na ji ƙarar cokali a tukunya sai gabana ya faɗi, don na san shinkafar ba daga aljihuna ta fito ba. Sai in tsaya a fada har yara su yi barci, kada in ga idonsu. Sannan fada ba zaman banza ba ce duka. Can ake jin wane na neman mai rakiyar mota, wane zai buɗe shago a kasuwar Katako. Aikin da nake yi yau a bakin butar shayi na ji labarinsa.

Malamar lakwal, Yantala

Mushe na Harobanda, na ji ka, amma raina bai kwanta ba. Mace ta taka keke tun safe har ƙafa ta kumbura, ta ciyar da miji da 'ya'ya da uwar miji da ɗan riƙo, ta tara yara ta yi addu'a ita kaɗai, sannan a ƙarshe a ce kalmominta ne matsala? Kullum mu ake karanta wa 1 Bitrus 3, a tsaya a aya ta 6. A sauka aya ta 7 mana, inda aka ce wa maza su zauna da matansu da fahimta, su girmama su, don kada addu'arsu ta toshe. Kunya ba ta sauke wa namiji nauyin zama uba. Ko ba shi da dala a aljihu zai iya duba littafin yarinyar nan da ta shiga kolej.

'Yar'uwa, tambaya ɗaya kafin kowa ya ci gaba da ba ki haƙuri: yana dukan ki, ko yana tsorata ki? In akwai wannan, shawarar daban ce.

Mai neman shawara

Malama na gode. A'a, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, ko tsawa ba ya yi. In ya samu ɗan abu yakan ajiye a ƙarƙashin kwanon shan ruwa a ɗaki, ba ya miƙo mini hannu da hannu. Shirun ne ke ci na.

Matar fasto, Wadata

Ɗiyata, tun da ba duka ba zagi, bari in yi miki magana kamar kina zaune a ɗakina.

Malama ta yi gaskiya, magidancin can ma ya yi gaskiya. Mijinki yana da nasa laifin, kuma ranar da za a gaya masa tana zuwa. Amma ke ce kika zo, ke za mu iya ba wa abin yi gobe da safe.

Na daɗe ina shiga gidajen masu bi, kuma abin da na fi gani yana kashe addu'ar gida ba rashin bangaskiya ba ne. Mutane ne ke mai da ita wurin faɗa wa juna abin da suka kasa faɗa ido da ido. Uba ya rufe ido ya ce Ubangiji ka ba yaron nan kunnen ji, yaron na gefe yana haɗiyar yawu. Miji ya zaɓi Afisawa 5, inda aka ce mata su yi biyayya ga mazansu, daren da suka yi cacar baki. Kowa ya san wa ake nufi. Yesu ya ba da misalin mutum biyu da suka je Haikali, a Luka 18. Na farkon duk abin da ya faɗa game da kansa yana iya zama gaskiya, amma ya shigo da maƙwabcinsa cikin addu'a don ya nuna shi da yatsa, kuma ba shi ne ya koma gida baratacce ba.

Don haka ki raba addu'arki biyu. Kukanki a kan mijinki, ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa kamar yadda Matiyu 6 ya koya mana, ki zube shi duka gaban Allah, ba abin da za ki ɓoye. Amma a kan tabarma, gaban yara, sunan babansu kada ya fito sai da godiya da roƙon alheri. Ubangiji mun gode don Baba, ka buɗe masa ƙofa, ka kiyaye shi a hanya. Shi ke nan. Yaran nan ma suna ɗauke da kaya, kin sani? Babbar ta isa ta gane cewa duk amin da ta ce, ta ɗauki gefe.

Sannan Matiyu 5, aya 23 da 24. In ka kawo baikonka bagade, ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna. Ki lura, ba a ce in kai ne mai laifi ba, an ce in yana da magana a kanka. Mijinki yana da ita. Ki nemi lokacin da ba yara ba Inna, ko da tsakar daren da yake shigowa ne. Ki ajiye masa ruwan wanka, ki bari ya ci abinci. Ki ce masa kin san ya ji, kuma kin san ta yi masa zafi. Kada ki ɗora da "amma". In kin ce amma, kin kwashe abin da kika zuba. Naki ƙorafin ki riƙe shi zuwa wani zama, zai fi shiga.

Kiran fasto kuwa, ki dakata. Ni matar fasto ce nake gaya miki. In ya shigo ya tarar da fastonki zaune a falonsa, zai ce ƙarar da aka kai sama yanzu an kawo ta ƙasa, kuma ga shi ba ma limamin ɗarikarsa ba. Matiyu 18 ma ya ce a fara daga kai sai shi. In hakan bai yi ba, sai ki nemi wanda shi yake jin nauyinsa, wataƙila wanda ya tsaya muku a aure.

Abu na ƙarshe, wa ya ce dole sai dare? Da dare yana fada, Inna na kan carbi. Da asuba kuwa kowa na gida. Ki mayar da ita safe, kafin yara su sa kayan lakwal, gajeruwa, kada ta wuce minti 10. Ki ajiye Littafin a inda ya saba zama, kada ki ce masa zo. Karatun nasa ne tun farko, ki bar masa gurbinsa a buɗe. Ko daga ɗaki yake ji, yana ji.

Katekis, ɗan Arewa mazaunin Yamai

'Yar'uwa, ni ɗan Katolika ne, daga yankin su maigidanki. Zan yi magana a kan Inna.

Da farko abin da take yi da carbin nan, don na ga da yawa daga 'yan'uwanmu na sauran ɗariku ba a taɓa yi musu bayani ba. Rosari kashi biyar ne. Kowane kashi ana buɗe shi da Addu'ar Ubangiji, a yi "A gaishe ki Maryamu" sau 10, a rufe da ɗaukaka ga Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kuma a kowane kashi ana tunani ne a kan wani abu na rayuwar Yesu da mahaifiyarsa: haihuwarsa, shan wuyarsa, tashinsa. Rabin farko na gaisuwar Maryamu daga Luka 1 aka ɗauko shi, gaisuwar mala'ika Jibra'ilu da ta Alisabatu. Rabi na biyu, inda muke roƙon ta yi addu'a dominmu, nan ne muka rabu da ku. Ba zan ɓoye wannan ba, ba kuma zan ce ki karɓa ba. Mu ba mu ɗauke ta Allah ba, sujada ta Allah ce shi kaɗai. Alamar gicciye kuwa, kalmomin da yaron ke faɗa su ne da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, sunan da aka yi miki baftisma da shi.

Na biyu, in a cocinmu aka ɗaura aurenku, to maigidanki ya yi alkawari gaban Mompera cewa zai yi iyakar ƙoƙarinsa yaran su tashi cikin Katolika, kuma ƙa'ida ita ce a sanar da ke wannan alkawari. Inna ta san da haka. Ta zo ta tarar ɗanta ba ya gida, jikokinta suna addu'a ba tare da shi ba, sai ta ga kamar ita ce ta rage ta riƙe igiyar. Da kika hana yaron, abin da ta ji shi ne an ce addinin gidansu ƙazanta ne. Tsohuwa ce, ido na ciwo, tana gidan da ba nata ba.

Abin da muka haɗu a kai ya fi yawa: Addu'ar Ubangiji, Zabura, Linjila huɗu, Shaidar Bangaskiya ta Manzanni. Ki gina addu'ar safen a kan waɗannan, ki je da kanki ki ce Inna ki zo ki sa mana albarka. Za ki ga in an kai "ka cece mu daga mugun" ta yi shiru, ku ku ci gaba da "gama mulki da iko da ɗaukaka". Haka muka saba a gida, ba ƙin ku ta yi ba. Kowace shekara daga 18 zuwa 25 ga Janairu ana makon addu'a don haɗin kan Kirista, abin da aka faro tun 1908, ana tuna roƙon Yesu a Yahaya 17 cewa su zama ɗaya. Shugabanninmu na iya zama a benci ɗaya a makon addu'ar, ina ga suruka da matar ɗanta.

Ɗan matasa, Lazare

Baba Katekis, da girmamawa, 1 Timoti 2:5 ta ce matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane. Ni ba zan bar ɗana ya zauna gaban siffa ba.

Katekis

Ɗana, ba na musun ayar, mu ma muna karanta ta. Wannan muhawara ta girmi kakanninmu, ba za mu ƙare ta a salula ba. 'Yar'uwar nan tana da ikon cewa ga abin da take so a koya wa ɗanta, amma da mijinta za ta yanke, shi kuma ya gaya wa mahaifiyarsa. Ba ta bakin yaro za a aika wa tsohuwa saƙo ba.

Dattijo daga Tawa

Ɗiyata, jikana ka rubuta mani, ni idona ba shi ganin ƙananan baƙaƙe. Kowa ya yi zancen miji da suruka, an bar yaron ga da ka zama cikin sabro.

Mu nan Adar ba gidan Kirista da ba shi da dangi Musulmi. Ni ƙannena duka Musulmi na. Ɗiyansu da yawa gidana sunka zamna sunka yi lakwal, kuma ba wanda uwayenshi sunka zo sunka ɗauke da hushi. Abin da ni ka yi, tun ranar da anka kawo yaro, in ce ma ubanshi gaban yaron: gidan ga muna addu'a sahe da dare da sunan Yesu, ba mu ɓoyewa, ba mu kuma tilasta ma kowa. Sannan in saya mishi buta tashi da tabarma tashi, in nuna mishi wuri mai tsabta. In azumi ya zo, tsohuwata ta ka tashi ta ɗumama mishi abincin sahur, ita da ba ta azumin. In anka kira salla shina barci, ni ka tashe shi. Amana ta anka ba ni, kuma amana ba a cin ta da sunan bishara.

Yaron ki ba addu'arku ta ka korar shi ba, rashin sanin inda za shi sa kanshi na. Ki kira yayarki ki hwaɗa mata yadda gidanki shike. Shi kuma ki ce mishi: in muna addu'a, in ka so zamna ɗaki ka yi karatunka, in ka so zamna nan kusa, ba wanda za shi ce ka rufe ido. Kuma ki tambaye shi mi za mu roƙa maka, jarabawa ko lahiyar babanka. Ban taɓa ganin wanda ya ƙi a roƙa mishi alheri ba. Likitar Galmi, ta mishan, tun 1950 take, mafi yawan masu zuwa Musulmi na, ana yi musu magani ana yi musu addu'a, su koma gida da addininsu da zumuncinmu. Romawa 12:18 ta ce iyakar iyawarku ku yi zaman lahiya da kowa. Kowa ɗin nan ya haɗa da wanda ka kwana ɗaki guda da ɗanki.

Uwar marayu, Talaje

Baba na Tawa, Allah ya ƙara girma. Ni abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne tambayarta ta farko, wai ta daina addu'ar gaba ɗaya.

Duk wanda ke Yamai ranar Asabar 17 ga Janairu 2015 ya san abin da idonmu ya gani, kwana ɗaya bayan an fara a Damagaram, a kan zanen wata jaridar Faransa da ba mu san hawa ba ba mu san sauka ba. Hukuma ta ce coci fiye da 40 aka ƙone a birnin nan. Masu cinna wutar ba su tsaya tambayar wannan ta Katolika ce ko ta EERN ko ta Baptis ba. Tamu ta ƙone har benci. Maƙwabcinmu, Alhaji ne, shi ya turo matarsa ta kwashe ni da yara zuwa cikin gidansu, ya zauna a ƙofa da carbinsa har gari ya lafa.

Bayan nan an ɗauki lokaci ba mu da inda za mu taru. Tsakar gida ita ce cocinmu. Yarana a lokacin suna cike da tsoro da fushi, babban har cewa ya yi ba zai sake gaida kowa a unguwa ba. A kan tabarmar nan, dare bayan dare, muna faɗin "ka gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi", wani lokaci da kuka, har ya sauko. Ba wa'azina ba ne ya sauko da shi, ni ma ina fama da kaina. A ƙidayar 2012 mu Kirista ba mu kai ko kashi 1 cikin 100 na 'yan ƙasar nan ba. Yaranmu a lakwal su kaɗai ne a aji, a unguwa su kaɗai. In ba su ga zaman lafiya da gafara a gida ba, ban san inda za su gan su ba. Ki canza lokaci, ki canza kalmomi, amma kada ki naɗe tabarmar.

Mai neman shawara

'Yan'uwa na dawo, na gode wa kowa, har da waɗanda maganarsu ta yi mini ɗaci.

Na fara da Inna, don ita ta fi kusa. Na kai mata fura na zauna, ban ajiye na tafi ba. Na ce Inna za mu koma yin addu'a da safe, ina so ki riƙa sa mana albarka a ƙarshe. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce ai carbin da take ja kowane dare don ɗanta take ja. A bakinta na ji abin da ban sani ba: ashe akwai bashi a kansa. Wani ɗan kasuwa ya ba shi kuɗin fito da kaya kafin a rufe iyaka, kuɗin suka narke a ajiyar kaya da zirga-zirga, mutumin kuma yana aiko masa da saƙo. Ita ya gaya wa, ni bai gaya mini ba.

Na yi magana da shi kamar yadda Mama ta Wadata ta ce, ban sa amma ba. Bai ce komai ba sai "na ji". Har yanzu ina ganin abin da na roƙa masa ba ƙarya ba ne, sai dai na mai da shi ɗaki. Addu'ar safe muna yi. Inna na fitowa. Ɗan yayata yana zama a bakin baranda da littafinsa, ya ce a roƙa masa sa'ar jarabawar BAC. Maigida ya fito wata safiya ya karanta Zabura 121, washegari bai fito ba, fada kuma bai daina ba, ko da yake yana shigowa kafin yara su kwanta wani lokaci. Zancen siffa da alamar gicciye ban tayar ba tukuna.

Yanzu bashin ne ya tsaya mini a rai. Bai san na sani ba. Ina tunanin in sayar da keken ɗinkin da firiza in ba Inna ta ba shi kamar daga wurinta.

Malamar lakwal, Yantala

Kada ki kuskura ki sayar da keken nan. Shi ke ciyar da mutum bakwai. In ya tafi, bashin bai ƙare ba, tuwo ya ƙare.

Wani magidanci, Harobanda

A nan ni da Malama bakinmu ɗaya. Kuma kada ki bi ta bayan gida, ranar da ya gano kuɗinki ne aka ɓoye masa, za ku koma inda kuka fito. Ki roƙi Inna ta ce masa ya gaya miki da bakinsa. In ya faɗa, ku zauna ku rubuta nawa ne daidai, don wanda ake bi bashi yakan ji tsoron lissafin fiye da kuɗin. Sannan ya ɗauki dattijo ɗaya da ɗan kasuwar ke jin kunyarsa, su je har shagonsa da rana, a yanka abin da zai iya biya duk wata, a sa hannu gaban shaidu. 'Yan kasuwar Yamai duk sun san abin da rufe iyaka ya yi, ba shi kaɗai ba ne. Abin da ke harzuƙa mai kuɗi shi ne a daina ɗaukar kiransa. In yana so, ki turo wa mai kula da zaure saƙo, akwai wani a cocinmu da ke rakiyar kaya ta hanyar Lome, zan tambaye shi ko suna neman wanda ya san takardun duwan.